Me ke sa Allah ya karɓi hadaya?

Tambaya: "Baba, ni manomi ne, a cikin ikilisiya na tashi. Kowace shekara a sujadar godiya ta kaka nakan kai buhun masara ko na dawa gaban bagade. Bana wani baƙon mai wa'azi ya zo mana, ya ce Allah ya ƙi hadayar Kayinu ne saboda amfanin gona ya kawo, babu jini a ciki. Ya kuma ce duk baikon da bai girgiza aljihun mutum ba, Allah ba ya ko kallonsa. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ga shi kuma akwai sauran kuɗin ƙwadago da ban gama biyan waɗanda suka yi mini noma ba. Mene ne ainihin abin da ke sa Allah ya karɓi hadaya?"

Amsa: Ɗana, sannu da aiki, Ubangiji ya sa albarka a gumin da ka zubar. Na daɗe ina koyar da Tsohon Alkawari, kuma wannan magana ta Kayinu da jini na sha jinta, har daga bakin mutanen da nake girmamawa. Don haka bari mu buɗe Littafi Mai Tsarki mu ga abin da aka rubuta, kafin mu je ga abin da ake faɗa.

A Farawa sura 4, Kayinu ya kawo wa Ubangiji hadaya daga amfanin gona. Habila kuma ya kawo daga 'ya'yan fari na garkensa, ya haɗa da kitsensu. Sai nassi ya ce Ubangiji ya dubi Habila da hadayarsa, amma bai dubi Kayinu da hadayarsa ba. Ka lura da yadda aka jera maganar. Sunan mutum ne a gaba, hadaya tana biye, kuma sau biyu aka yi haka a jere. Wannan jeri shi ne ginshiƙin duk amsar da zan ba ka: Allah yakan fara duban mai kawowa kafin ya dubi abin da ke hannunsa. Da fuskar Kayinu ta ɓaci, Allah bai ce masa "koma ka kawo rago" ba. Cewa ya yi in ka yi abin kirki, ashe ba za a karɓe ka ba? In kuwa ba ka yi ba, ga zunubi nan kwance a bakin ƙofa. Halin mutumin ne ake magana a kai. Sabon Alkawari ma haka ya fahimci labarin. Ibraniyawa 11:4 ta ce ta wurin bangaskiya ne Habila ya miƙa hadaya mafi kyau, wasiƙar Yahaya ta fari kuma, a 3:12, ta ce ayyukan Kayinu mugaye ne, na ɗan'uwansa kuwa na adalci. Babu inda ɗayansu ya ɗora laifin a kan hatsi.

Akwai ma abin da ya fi wannan ƙarfi. A harshen Ibrananci, kalmar da aka yi amfani da ita ga hadayar Kayinu da ta Habila iri ɗaya ce, wato minha, kuma ita ce kalmar da Littafin Firistoci sura 2 ya kira hadaya ta gari da ita. Allah da kansa ya umarci a kawo masa lallausan gari da mai da lubban, ya ce a sa gishiri, kada a ƙona yisti ko zuma a bagade. A Maimaitawar Shari'a sura 26 an ce wa manomi ya zuba nunan fari na gonarsa a kwando, ya kai wa firist, ya tsaya ya ba da labarin yadda Ubangiji ya fito da kakanninsa daga Masar. To, Allahn da ya tsara wa manomi wannan sujada, yaya za a ce yana ƙyamar amfanin gona? In akwai wani bambanci a kayan da 'yan'uwan nan biyu suka kawo, shi ne an ce Habila ya zaɓo na fari da mai kitse, na Kayinu kuwa an ce kawai "daga amfanin gona". Malamai da yawa suna ganin a nan ne zuciya ta leƙo waje: ɗaya ya zaɓa, ɗaya ya ɗebo. Ni ma na karkata ga wannan.

Kada ka ɗauka ina cewa jini ba shi da matsayi. Yana da shi, babba kuwa. Littafin Firistoci 17:11 ya ce ran mai rai yana cikin jini, Allah kuma ya ba da shi a kan bagade domin kafara. Amma ko a nan, dubi sura 5. Wanda ya yi zunubi ya kawo tunkiya ko akuya. In ba shi da hali, ya kawo kurciyoyi biyu ko 'yan tattabarai biyu. In ko tsuntsayen ma sun fi ƙarfinsa, ya kawo kashi ɗaya bisa goma na efa na gari, abin da bai wuce kimanin lita 2 ba, firist ya yi masa kafara da shi, a gafarta masa. Wannan aya tana taɓa ni duk lokacin da na karanta ta. Tun a jeji, Allah ya buɗe wa matalauci ƙofa. Shi ya sa marubucin Ibraniyawa ya yi taka-tsantsan ya ce bisa ga Shari'ar Musa kusan kome da jini ake tsarkake shi. Kuma sa'ad da Maryamu da Yusufu suka kai jariri Yesu Haikali, tsuntsaye biyu suka miƙa, kamar yadda Luka 2:24 ta nuna, hadayar waɗanda ba su iya sayen ɗan rago ba.

Shari'ar Musa tana da ƙa'idodi masu tsauri a kan dabbar hadaya, ba zan ɓoye maka ba. Dole ta zama marar aibu: ba makauniya ba, ba karyayya ba, ba mai ƙazuwa ko miki ba. Sai ta kwana bakwai wurin uwarta, daga rana ta takwas ne za a karɓe ta. Ba a ko'ina ake miƙa ta ba, sai a wurin da Ubangiji ya zaɓa. Nadab da Abihu, 'ya'yan Haruna, sun kawo wutar da ba a umarce su ba, suka mutu a gaban Ubangiji. Mu da muke zaune da maƙwabta Musulmi, wannan batu na rashin aibu ba baƙo ba ne a kunnenmu, domin mun san ba a layya da rago mai ido ɗaya ko gurgu ko ramamme. Amma me ya sa aka kafa ƙa'idar? Annabi Malakai ya fito da dalilin fili. Mutanen zamaninsa suna kawo makafin dabbobi da guragu da marasa lafiya, sai Ubangiji ya ce musu: ku gwada kai wa gwamnanku irin wannan, zai yi murna da ku? Duk Bahaushe ya san amsar. Ba wanda zai ja akuya mai ƙazuwa ya kai wa hakimi gaisuwa. Abin da ka zaɓa ka kai shi ke nuna matsayin wanda ka kai wa a zuciyarka. Aibun dabba, aibun zuciya yake tonawa.

Daga nan annabawa suka ɗauki maganar, suka kai ta inda ke da zafi. Ka iya cika kowace ƙa'ida, ragonka ya fi na kowa ƙiba, Allah ya kau da kai. Saul ya dawo daga yaƙin Amalekawa da tumaki da shanu mafi kyau, waɗanda aka ce masa ya hallaka, ya ce ai don hadaya ya kawo su. Sama'ila ya ce masa biyayya ta fi hadaya, saurare kuma ya fi kitsen raguna. A Ishaya sura 1 Ubangiji ya ce ya ƙoshi da hadayun ƙonawa, ko sun ɗaga hannu suna addu'a ba zai ji ba, domin hannuwansu cike suke da jini. Ya ce su wanke, su koyi aikata nagarta, su tsaya wa maraya, su kare gwauruwa. Amos ya yi wa masu sayar da matalauci a kan kuɗin takalmi wa'azi, ya ce Allah ya ƙi idodinsu da waƙoƙinsu, abin da yake so shi ne adalci ya malala kamar ruwa. Mika ya yi tambayar da ta yi kama da taka: da me zan zo gaban Ubangiji? Da dubban raguna? Da kogunan mai? Da ɗan farina? Amsar ita ce ka yi adalci, ka ƙaunaci jinƙai, ka yi tafiya da Allahnka da tawali'u. Yesu kansa sau biyu a Matiyu, a 9:13 da 12:7, ya maimaita maganar Yusha'u cewa jinƙai nake so, ba hadaya ba.

Annabawan nan ba su soke hadaya ba. Abin da suka yaƙa shi ne mayar da ita toshiyar baki, wato mutum ya zalunci mutane kwana shida, rana ta bakwai ya kawo wa Allah kasonsa don ya yi shiru. Zabura 50 ta rushe wannan tunani daga tushe. Allah ya ce dabbobin jeji nawa ne, shanun da ke kan tuddai dubu nawa ne, da zan ji yunwa ba kai zan faɗa wa ba. Wanda ba ya bukatar kome, ba a sayensa da kome. Dawuda ya gane haka bayan abin da ya yi da Batsheba da mijinta Uriya. A Shari'a babu ragon da aka tanada don wanda ya yi zina da kisa da gangan. Sai ya zo hannu wofi, ya ce hadayar da Allah yake so ita ce karyayyen ruhu, zuciya mai nadama kuwa ba zai raina ba.

Yanzu ga inda bangaskiyar Kirista ta tsaya da ƙafafunta. In Allah yana duban mutum kafin hadaya, wane ne a cikinmu zai tsaya a dube shi? Zuciyar wa ce marar aibu? Nan ne wasiƙar Ibraniyawa ta shigo. Ta ce jinin bijimai da na awaki ba shi yiwuwa ya kawar da zunubi, shaidar haka kuwa ita ce kowace shekara sai an maimaita, babban firist ya sake shiga Wuri Mafi Tsarki a Ranar Kafara. Hadayun nan inuwa ne, ainihin abin yana tafe. Da Yahaya Maibaftisma ya ga Yesu, ya ce ga Ɗan Rago na Allah mai ɗauke zunubin duniya. Duk abin da Shari'a da annabawa suka nema, a wurinsa ya haɗu. Marar aibu ne, haka Bitrus ya kira shi. Mai biyayya ne har mutuwa. Da yardarsa ya ba da ransa, ya ce ba mai karɓe shi daga gare ni, ni nake bayarwa. Shi ne firist, shi ne kuma abin hadayar, babu tazara tsakanin mai kawowa da abin da aka kawo. Firistocin dā kullum a tsaye suke suna hidima, domin aikinsu ba ya ƙarewa, amma Ibraniyawa 10:12 ta ce shi, bayan ya miƙa hadaya guda domin zunubai har abada, sai ya zauna a hannun dama na Allah.

Wannan ita ce amsar da nake ba maƙwabta in sun tambaye ni me ya sa Kirista ba ya yanka don neman gafara. Romawa sun rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70, hadayun Yahudawa suka tsaya, amma dalilinmu ba rashin Haikali ba ne. Mun gaskata an riga an yi yankan, kuma an karɓa. Ragon da kake yankawa da Kirsimeti ka raba wa dangi da maƙwabta abu ne mai kyau, murna ce da zumunci, sai dai ba ya wanke zunubi ko ƙwaya ɗaya. Duk wanda kuwa ya ce ka kawo baƙar akuya ko farin zakara a yanka don a karya maka la'ana, aikin boka yake yi, ko da ya rataya gicciye a wuya.

Ya kamata in faɗa maka cewa a nan Kiristoci sun ɗan rarrabu. 'Yan'uwanmu Katolika suna koyar da cewa Jibin Ubangiji hadaya ce ta gaske. Majalisar shugabannin cocinsu da ta zauna a Tirent ta bayyana a 1562 cewa wanda ake miƙawa a bagade shi ne wanda ya miƙa kansa a kan gicciye, yanayin miƙawar ne kawai ya bambanta, ba tare da zubar da jini ba. Mu da muka taso a koyarwar Furotesta muna ɗaukarsa tunawa da shelar mutuwar Ubangiji da tarayya da shi, ba ma kiransa hadaya don zunubi. Bambancin ba ƙarami ba ne. Amma a kan tambayarka bakinmu ɗaya: ba abin da yake karɓuwa a wurin Uba sai ta hannun Ɗan.

To, in haka ne, buhun masararka mene ne? Bahaushe ya ce yaba kyauta tukwici. In babban mutum ya aiko maka da doki, kai kuma ka ba ɗan aike ɗan abin da ya sawwaƙa, ba kuɗin doki ka biya ba, kuma duk wanda ya ɗauka ciniki ne ya zagi mai kyautar. Baikon Kirista haka yake. Allah ya riga ya ba da Ɗansa, ya ba da ruwan sama, ya ba da lafiyar da ka riƙe fartanya. Abin da ka kai gaban bagade yabon kyauta ne. Kamar tukwici kuma, a hannun mutane yake sauka: mai hidima, gwauruwa, maraya, baƙo. Shi ya sa Ibraniyawa 13:15-16 ta ambaci hadayar yabo, sa'an nan ta ce kada ku manta da yin alheri da taimakon juna, gama irin waɗannan hadayu ne suke faranta wa Allah rai. Bulus yana kurkuku, mutanen Filibi suka aika masa da taimako ta hannun Abafaroditus, ya kira wannan saƙo hadaya mai ƙanshi, abar karɓa. A Romawa 12:1 kuwa ya ce ku miƙa jikunanku hadaya rayayyiya. Bitrus ya ɗaure maganar da cewa hadayunmu na ruhu abin karɓa ne ga Allah ta wurin Yesu Almasihu.

Mu koma kan girgiza aljihu. Mai wa'azin nan ya taɓo gefen gaskiya. Da Arauna ya so ya ba Dawuda masussuka da shanu kyauta, Dawuda ya ƙi, ya ce ba zan miƙa wa Ubangiji abin da ban biya kome a kansa ba, ya biya shekel 50 na azurfa. Baikon shara, wanda mutum ya kakkaɓo bayan ya gama da kome, raini ne. Amma daga nan zuwa cewa Allah yana auna zafin da ka ji, tafiya ce mai nisa, kuma na ga inda take kai mutane. Na ga matan da suka sayar da akuyar da suke dogara da ita don an ce su "shuka iri" su girbi ninki ɗari. Na ga yaran da aka koro daga makaranta domin kuɗinsu ya tafi gaban bagade. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai. Akan kafa hujja da gwauruwar da ta jefa anini biyu, duk abin da take da shi. Gaskiya ne Yesu ya ce ta fi kowa bayarwa. Amma ka karanta ayar da ta zo kafin labarin, Markus 12:40, inda ya la'anci malaman da suke cinye gidajen gwauraye suna fakewa da dogayen addu'o'i. Yabon da ya yi mata bai zama lasisi ga masu tatsar irinta ba. Bulus ya faɗa a sarari a 2 Korantiyawa 8:12 cewa in niyya tana nan, baiko abin karɓa ne gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba. A sura ta gaba ya ce kowa ya bayar yadda ya ƙudura a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ko tilas ba. Siman mai sihiri ya fito da kuɗi a Samariya yana son ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce masa kuɗinka su hallaka tare da kai. Hananiya da Safiratu kuwa sun sayar da fili, suka ɓoye wani kashi na kuɗin, suka kawo sauran kamar shi ne duka, suka mutu a kai. Bitrus ya ce filin naka ne, kuɗin ma a hannunka suke, ba wanda ya tilasta ka. Ƙaryar da suka yi don a gan su ita ta kashe su.

Na ajiye maganar ƙwadago zuwa yanzu da gangan, domin ita ce ta fi damuna a cikin wasiƙarka, ko da yake a ƙarshe ka saka ta kamar ƙaramin abu. Ɗana, wannan ne wurin da hadayarka take cikin haɗari, ba rashin jini ba. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta ce ka biya ɗan ƙwadago hakkinsa a ranar, kafin rana ta faɗi, domin shi matalauci ne, ransa yana kan kuɗin, kada ya yi kuka ga Ubangiji a kanka. Yakubu 5:4 ta ce ladan waɗanda suka girbe gonakinku, wanda kuka riƙe, yana kuka, kukan kuwa ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. A Littafin Firistoci sura 6, wanda ya danne hakkin maƙwabcinsa sai ya mayar da abin, ya ƙara kashi ɗaya bisa biyar, sa'an nan ya kawo ragonsa. Yesu kuma ya ce in kana miƙa baikonka a bagade, ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon nan, ka je ku shirya tukuna, sa'an nan ka dawo ka miƙa. Bai ce ka fasa ba, tsari ya ba ka. Ikilisiyar farko ta riƙe wannan sosai: a tsohon littafin koyarwar nan da ake kira Didake an ce duk mai rikici da ɗan'uwansa kada ya shiga taron ranar Ubangiji sai sun sulhunta, don kada hadayarsu ta ƙazantu.

Masarar da ke cikin buhun nan, gumin mutanen nan yana ciki. Shawarata ita ce kafin ranar godiya ka kira su, ko ka taka da ƙafarka zuwa gidajensu, wanda ya fi. Ka ba su haƙuri a kan jinkirin, ka biya su, ko da sai ka kai buhun da ka ware wa coci kasuwa. In kuɗin ba za su isa duka ba, ku zauna ku yanke ranar cikawa, da yardarsu, a gaban shaida. Abin da ya rage bayan haka, ko tiya biyu ce, ka zaɓi mai kyau, wadda ba ta da ƙwari, ka sheƙe ta sosai, ka kai. In dattawan ikilisiya sun tambaye ka me ya sa bana babu buhu, ka faɗa musu gaskiya, ka ce 'yan ƙwadago ka biya. In kuma akwai wanda bai gamsu ba, ka buɗe masa Matiyu 5:23-24 ku karanta tare.